Haƙori da Haƙuri: Abin da Mai Neman Dashen Haƙori Zai Tarar

 

Sunan da Hausa ta ba wannan aiki ya fi tallar da ake yi masa gaskiya. Mun kira shi dashe. Duk wanda ya taɓa tsayawa a fadama lokacin dashen albasa ko tumatir ya san cewa soka tsiro a ƙasa somin-taɓi ne. Manomi ba ya cewa ya gama sai dashen ya kama, kuma ba shi ke sa wa saiwa ranar kamawa ba. Hujjar da zan kafa a yau ke nan. Mutane da yawa suna zuwa wurin likita da tunanin haƙorin Makka, wanda alhaji kan shiga shago ya fito da shi yana walƙiya. To amma haƙorin Makka hula ce da aka kifa wa haƙori mai saiwarsa. Dashe kuwa sabuwar saiwa ake nema, kuma ƙashin mutum ne zai karɓe ta ko ya ƙi. Don haka awa ɗayar da za a yi a kujerar likita ita ce mafi ƙanƙanta a cikin lamarin. Abin da ke yanke hukunci shi ne binciken da aka yi kafin wannan awa, da watannin jira bayanta, da shekarun kulawa da za su biyo baya. Wanda ya shiga da wannan fahimta ba zai sha mamaki ba, kuma zai san tambayoyin da zai yi.

Abin da ake dasawa sassa uku ne. Akwai ƙusa mai zare irin na noti, wadda ake murɗawa cikin ƙashin muƙamuƙi ta tsaya a madadin saiwa. Kaurinta yawanci milimita 3 zuwa 5 ne, tsawonta kuma 8 zuwa 13, wato ba ta kai gaɓar ɗan yatsa ba. Akwai wuya da ake ɗaurawa a kanta ya ratso dasashi. Sai kuma hula, farin haƙorin da ido ke gani, wanda ake yi da tangaran ko makamancinsa. Da ƙarfen titaniyam ake ƙera yawancin ƙusoshin, kuma zomo ne sanadi. A 1952 wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Branemark, yana nazarin yadda jini ke gudana a cikin ƙashi, sai ya sa wata 'yar na'urar leƙe ta titaniyam a ƙashin ƙafar zomo. Da ya zo cire ta, ta ƙi fita. Ƙashi ya yaɗu ya manne da ƙarfen, babu wata tsoka a tsakaninsu. Ku lura da abin da ya yi bayan haka, domin a nan darasin yake. Bai gwada a bakin mutum ba sai 1965, bayan shekara 13, a birnin Gotenbog, kuma mutumin da aka fara yi wa ya ci abinci da waɗannan ƙusoshi har ya rasu a 2006. Likitocin haƙori na duniya ba su rungumi hanyar ba sai bayan wani taro da aka yi a Toronto ta Kanada a 1982, inda aka baje sakamakon marasa lafiyar da aka bi diddiginsu shekara da shekaru. Ƙa'idar da Branemark ya shimfiɗa ita ce a binne ƙusa ƙarƙashin dasashi, a ƙyale ta wata 3 a muƙamuƙin ƙasa, wata 6 a na sama, kafin a ɗora mata nauyin tauna. Na sama ya fi jinkiri ne domin ƙashinsa ya fi taushi.

Zuwan farko wurin likita, saboda haka, na awo ne, kuma wanda ya tashi daga wannan zama da ranar tiyata ba tare da an ɗauki hoton ƙashinsa ba ya kamata ya yi shakka. Ƙashin da ke riƙe haƙori don haƙorin yake raye. Ranar da aka cire haƙori, ƙashin wurin ya rasa aikin yi, sai jiki ya fara kwashe shi. Wani bincike daga Denmak da aka wallafa a 2003 ya auna wannan: a cikin shekara ɗaya faɗin ƙashin ya ragu da kusan rabi, kuma kashi biyu cikin uku na raguwar a wata ukun farko ta faru. Ku kwatanta da dattijon da ya shekara goma da giɓi, ya zo yana cewa a sa masa haƙori kafin bikin 'yarsa. Mai yiwuwa ƙashin da ya rage masa ya koma kamar kaifin wuƙa, ba inda ƙusa za ta tsaya. Kuma ba faɗi kaɗai ake dubawa ba. A cikin muƙamuƙin ƙasa akwai jijiyar da ke ba leɓe da haɓa ji, kuma likitoci kan bar tazarar kusan milimita 2 tsakaninta da bakin ƙusa, domin idan aka taɓa ta mutum na iya wayar gari leɓensa a mace, na makonni ko na har abada. A sama kuma, bisa turamen haƙora, akwai kogon iska da ke gefen hanci, wanda kan sauko bayan an cire haƙori. Shi ya sa a wurare masu haɗari ake neman hoton kwamfuta mai nuna tsawo da faɗi da zurfi, ba hoto mai fuska ɗaya ba. Idan ƙashi ya gaza, sai a yi masa ciko, ko a ɗaga fatar da ke shimfiɗe a ƙasan kogon a zuba cikon a ƙarƙashinta. Wannan kan ƙara wata 4 zuwa 6, wani lokaci fiye, kuma kuɗinsa daban. Gara a ji wannan a zama na farko da a ji shi bayan an biya rabin kuɗi.

Bayan ƙashi sai mai ƙashin. Tambayoyin da likita zai yi kan lafiyar jiki ba cika takarda ba ne. Ciwon suga da ba a shawo kansa ba yana jinkirta warkewar rauni, yana buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta. Mai sugan da ke kan magani, awonsa na wata uku-uku yana daidai, ana yi masa dashe ya zauna lafiya, don haka ciwon ba shi ne shamaki ba, sakaci da shi ne. Taba kuwa, alƙaluman da aka tattara daga bincike masu yawa sun nuna tana ninka haɗarin faɗuwar dashe kusan sau biyu, domin tana tsuke ƙananan hanyoyin jinin da sabon ƙashi ke dogara da su. Matasanmu masu shisha kada su ɗauka maganar ba ta shafe su ba. Akwai kuma magungunan ƙarfafa ƙashi da ake ba tsofaffi da masu ciwon daji, waɗanda tun 2003 aka gano suna iya sa ƙashin muƙamuƙi ya mutu bayan tiyata, musamman waɗanda ake bayarwa ta jijiya. Haka wanda aka taɓa gasa wa kai ko wuya da haske saboda ciwon daji, da mai shan maganin tsinka jini. Duk waɗannan sai an faɗa wa likita, ko bai tambaya ba. Yaro ba a yi masa dashe sai muƙamuƙinsa ya gama girma, wajen shekara 18 ko sama, domin ƙusa ba ta tafiya tare da ƙashi mai girma, sai a wayi gari haƙorin dashen ya nutse ƙasa da 'yan'uwansa. Mafi muhimmanci a wurina shi ne ciwon dasashi. Idan shi ya zubar da haƙoran asali, ƙwayoyin cutar suna nan cikin bakin suna jiran sabon baƙo. Dasa ƙusa a bakin da dasashinsa ke zubar da jini daidai yake da gini a kan kwari.

Ranar tiyata, wadda ita aka fi tsoro, ba ta da dogon labari. Allurar kashe zafi ce irin ta cire haƙori, mutum yana farke. A tsaga dasashi, a huda ƙashi da ƙananan injinan huji daga siriri zuwa mai kauri, a murɗa ƙusa, a ɗinke. Ƙusa ɗaya kan ɗauki rabin awa zuwa awa guda. Za ku ji dannawa da girgiza, za ku kuma ji ruwan gishiri mai sanyi yana ta kwarara a baki, kuma wannan ruwa ba na wanki ba ne kawai. Tun farkon shekarun 1980 aka tabbatar cewa idan zafin ƙashi ya kai digiri 47 na minti ɗaya, ƙwayoyinsa suna mutuwa, ƙusa kuma ba ta kama mataccen ƙashi. Likitan da ke huji a hankali ba rashin ƙwarewa ke damunsa ba. Idan allura ta sake, zafin yawanci bai wuce abin da farasitamol da makamantansa ke kwantarwa ba, kuma da yawa sukan ce cire turmi ya fi shi ciwo. Kumburi kan kai ƙarshensa a rana ta biyu ko ta uku sannan ya sauka. Ranar farko ba a kurkure baki da ƙarfi, daga baya sai ruwan gishiri mai ɗumi. Abinci kuwa kunu da ya huce, fate, tuwo mai laushi, a ɗage wa kilishi da goro da rake da ƙashin miya ƙafa. Ana cire zare bayan mako ɗaya zuwa biyu. Abu uku ne ba a jira da su: leɓen da bai farfaɗo ba bayan allura ta sake, jinin da ya ƙi tsayawa, da zafin da ke ƙaruwa bayan kwana uku maimakon raguwa.

A nan mai ja zai ce: ai zamani ya wuce Branemark, ga tallace-tallace nan na haƙori a rana ɗaya, me ya sa ake tsorata mutane da watanni? Akwai gaskiya a maganarsa. An inganta fuskar ƙusoshin yanzu, ana karce ta ta yi kaushi yadda ƙashi ke saurin kamawa, har jiran ya sauko zuwa mako 6 zuwa 12 a ƙashi mai kyau. Kuma lallai ana ɗora haƙori a ranar tiyata, har da hanyar da wani likita a Lisbon ta Fotugal, Paulo Malo, ya shahara da ita, ta ɗora jerin haƙoran muƙamuƙi guda a kan ƙusa huɗu. Sai dai a duba abin da ke faruwa a cikin ƙashi. Riƙon ranar farko riƙon kafinta ne, ƙusa ce ta matse cikin rami. A makonnin da ke biye jiki yana narkar da ƙashin da huji ya raunata yana gina sabo, don haka tsohon riƙo yana sassautawa kafin sabon ya yi ƙarfi, kuma dashen ya fi rauni a wajen mako na uku zuwa na huɗu, daidai lokacin da zafi ya tafi, mutum ya fara mantawa. Idan ƙusa ta riƙa motsi a wannan tsakani, ko da abin da bai wuce kaurin silin gashi biyu ba, jiki zai naɗe ta da tsoka maimakon ƙashi, dashe kuma ya faɗi. To haƙorin rana ɗaya fa? Na wucin gadi ne, ana rage shi yadda ba zai haɗu da abokin taunarsa ba, ko a haɗe ƙusoshi da yawa su tallafi juna, ana yi wa wanda ƙashinsa ya riƙe ƙusa tamau, kuma shi ma abinci mai laushi zai ci wata biyu ko uku kafin a ƙera masa na dindindin. Abin da aka samu shi ne fita daga asibiti ba giɓi, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda haƙorin gabansa ya karye. Amma jiran yana nan, an dai lulluɓe shi ne.

Idan dashe ya kama, aka auna baki, aka ɗaura hula, sai mai ja na biyu ya taso: ƙarfe ba ya ruɓewa, tsutsa ba ta cin tangaran, to an huta da likita ke nan. Wannan ita ce fahimtar da ta fi kowace ɓarna. Haƙorin da Allah ya halitta ba manne yake da ƙashi ba. Yana rataye ne da wasu siraran zaruruwa masu rai, masu jini da jijiya, waɗanda ke rage ƙarfin cizo, su kuma sanar da mutum nan take idan ya gamu da tsakuwa a cikin shinkafa. Dashe ba shi da su. Ba ya jin nauyi kamar na asali, kuma dasashin da ke kewaye da wuyansa bai kai na asali tsaro ba. Datti idan ya taru a wurin, dasashi ya kumbura, sannan ƙashi ya fara zaizayewa daga bakin ƙusa zuwa ƙasa, sau da yawa babu zafi ko kaɗan. Alƙaluman da ake yawan ambatawa, cewa kusan 95 cikin 100 na dashe suna nan bayan shekara 10, gaskiya ne, amma suna nufin ƙusa ba ta fita ba, ba wai tana lafiya ba. Masu bincike a jami'ar Gotenbog, garin da aka haifi aikin, sun tattara sakamakon bincike daban-daban a 2015, suka sami kumburin dasashi a kusan 43 cikin 100 na masu dashe, zaizayar ƙashi kuma a kusan 22 cikin 100, wato mutum ɗaya cikin biyar. Maganin wannan zaizaya yana da wuya, kuma ba kullum yake ci ba. Ma'aunin da aka daɗe ana aiki da shi shi ne kada ƙashi ya sauka fiye da milimita 0.2 a shekara bayan shekarar farko, kuma wannan ba ido ke ganinsa ba, hoto ne. Saboda haka mai dashe ya ɗaura aure da buroshi sau biyu a rana, da zaren sakace ko ƙaramin buroshin da ke shiga tsakanin haƙora, inda asuwaki, duk da amfaninsa, ba ya kaiwa, da kuma komawa wurin likita sau ɗaya ko biyu a shekara. Ban da haka, notin da ke riƙe hula kan kwance, tangaran kan ɓantale, hula kuma kan nemi canji bayan shekaru, musamman ga mai cizon haƙora cikin barci.

Ja na uku shi ne na kuɗi, kuma shi na fi girmamawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2022 cewa cututtukan baki sun shafi mutum kusan biliyan 3.5, kuma mafi yawansu suna ƙasashen da ko cike ramin haƙori nauyi ne ga iyali. A irin wannan hali, ba almubazzaranci ba ne a zuba dukiya a haƙori ɗaya? Amsata ita ce dashe ba wajibi ba ne, kuma likita na gari zai shimfiɗa sauran hanyoyi. Haƙoran roba na cirewa suna da araha, ba tiyata, amma suna motsi, kuma ba sa hana ƙashi raguwa. Gada, wato haƙorin da ake jingina wa na gefensa, tana da sauri, mako biyu ko uku, amma sai an fere haƙora biyu na gefe, ko da lafiyarsu lau, don su ɗauki na tsakiya. Turmin can ƙarshe idan ya tafi, wani lokaci barin wurin haka ba laifi ba ne. Inda dashe ya fi nuna fifikonsa shi ne a bakin tsohon da ba shi da haƙori ko ɗaya a ƙasa, wanda haƙoran roba ke yi masa yawo a baki. Wani taron masana a jami'ar McGill ta Kanada a 2002 ya tsaya a kan cewa ƙusa biyu kacal, da za a maƙala haƙoran cirewa a kansu, su ne ya kamata su zama zaɓi na farko ga irinsa. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne akasin haka, wato a cire haƙorin da za a iya ceto da wankin saiwa ko maganin dasashi don a sa dashe. Dashe madadin giɓi ne. Wanda aka ce masa a kwashe haƙoransa duka a zuba sababbi, ya nemi ra'ayin likita na biyu kafin ya buɗe baki.

Wasu kan tambayi matsayin addini. Wannan fagen malamai ne, amma sananne ne cewa sun daɗe suna kafa hujja da labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, ya sa na azurfa ya yi wari, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce shi ya sa na zinariya. Mayar da gaɓar da ta ɓata magani ne. Abin da ya fi dacewa a tambayi likita shi ne asalin kayan ciko. Garin ƙashin da ake zubawa yana iya zama na mutumin kansa, ko na shanu, ko na haɗin masana'anta, kuma siririn mayafin da ake rufe cikon da shi, wasu daga cikin waɗanda aka fi amfani da su daga alade ake samo su. Akwai madadinsu. Wanda abin ya dama ya yi magana tun kafin a buɗe kwali.

Saura masu hawa jirgi zuwa Masar, Indiya, Dubai ko Turkiyya don a yi musu dashe. Akwai ƙwararru a can kamar yadda akwai a nan, kuma ba ƙasa nake tuhuma ba, lissafin kwanaki nake tuhuma. Aikin da ƙashi ya ce wata uku ba ya shiga bizar kwana goma, don haka ko dai tafiya biyu, ko a matse matakai, kuma ranar da noti ya kwance ko dasashi ya kumbura, likitan yana bayan teku. A gida kuwa, a tabbata mai aikin likitan haƙori ne mai rajista da hukumar da ke kula da likitoci ta ƙasarsa, kuma a tambaye shi kai tsaye dashe nawa ya yi, da abin da zai faru da kuɗin idan ƙusa ta ƙi kamawa, domin 'yan kaɗan cikin ɗari sukan ƙi ko a hannun gwani, a cire su, a jira wuri ya warke, a sake. Ko ina aka yi aikin, kada a bar asibitin sai da takarda mai ɗauke da sunan kamfanin da ya ƙera ƙusar, da samfurinta, da kaurinta, da tsawonta. Kamfanonin suna da yawa, kowanne da irin notinsa da sukudirebansa, kuma likitan da zai gyara hular bayan shekara bakwai a Kano ko Maraɗi ba zai iya kwance abin da bai san sunansa ba. A karɓi kuma kwafin hoton ƙashin da aka ɗauka ranar da aka ɗaura hula, a adana shi tare da takardun gida, domin da shi za a gwada hoton baɗi a ga ko ƙashi ya sauka.